Wai An Yafe wa Kawu Direba

Ranar da Kawu ya rasu, mutane iri biyu ne suka taru a ƙofar gidan hayarsa na Ƙofar Kware, kuma ba su gauraya ba. Dangi suna kan tabarmi a inuwar zaure, da manyan riguna da carbi. 'Yan tasha kuwa, direbobi da karnukan mota da masu faci, suna tsaye can gefe cikin rana, babu wanda ya ce musu ga wuri. Wani tsohon direba ya rufe fuska da hularsa yana kuka, kafaɗunsa suna rawa. Daga cikin dangi na ji ana cewa, "To, Allah shi gafarta mai, ya dai sha yawon duniya." Wani ya amsa da cewa ai rayuwar tasha sai addu'a. Sai ka ce gawar ɗan caca aka kawo musu.

Da aka fito da makara, liman ya yi abin da aka saba, ya ce duk wanda mamacin ya ɓata wa, ya dubi Allah ya yafe masa. Sai Kawu Babba, wato wan mamacin, attajirin yadi na Ƙofar Marke, ya gyara murya yadda na bayan sahu ma zai ji, ya ce, "Jama'a ku shaida. Abin da ƙanena yay yi min, na yahe mai, duniya da lahira."

Wuri ya ɗauki madalla. Wani dattijo har da dafa masa kafaɗa, wai haka ake son babban wa.

Ni kuwa ina riƙe da kan makara. Wallahi da ba gawa ce a hannuna ba, da na yi abin da za a daɗe ana ba da labari. Ga shi kuma akwai saƙo a bakina, wanda mamacin ya ba ni kafin ya cika, zuwa ga wannan mutumin da ke ta yafiya a bainar jama'a. Kawu ya kama hannuna ya ce, "Ka ce ma Yaya na yahe mai. Kuma kar ka ƙara komi bisa." To ta yaya zan kai wa mutum yafiya alhali ya riga ya hau mumbari yana rabon tasa? Na haɗiye saƙon, muka tafi maƙabarta da shi a cikina kamar garwashi. Kawu ya hana ni ƙara komai a kan saƙonsa, amma bai hana ni rubutu ba, shi ya sa na zauna nake rubuta wannan da ɗan bokon da na samu a ajin manya.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne. Na zo hannunsa ba ina yaro ba, da gemuna da matata da goyo. Gero ya ƙi mana shekara biyu a jere a ƙauye, Inna ta ce in tafi birnin Sakkwato wurin 'yan'uwanta. Na fara zuwa wurin Kawu Babba. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce hannun da ya saba da hauya zai ɓata masa farin yadi. Da na isa tasha wurin Kawu, ya leƙo daga ƙarƙashin mota, fuska duk baƙin mai, ya ce, "Ɗan Yaya, ka iya gudu?" Na ce na iya. Ya ce, "To ɗauko waigi."

Waigi guntun icce ne mai nauyi, shi ake cusawa bayan taya don kada mota ta koma da baya. Motocin zamanin masu bodin katako ne, birkinsu kuwa sai a yi shiru. In an zo hawa, karen mota yana maƙale a baya, da zarar inji ya fara shaƙewa sai ya diro da gudu ya cusa waigi. In ya makara, lodi da fasinja da direba sun tafi rami. Wannan ne aikina na farko, kuma na daɗe a kansa har na fara zaton Kawu ya manta cewa tuƙi na zo koyo. Fatun awaki muke kaiwa Kano, mu dawo da yadi da gishiri da duk abin da aka samu. Ina saman lodi cikin warin fata, yaran tasha suna yi mini dariya, wai ga karen mota mai gemu.

Wata rana na gaji na ce, "Kawu, yaushe zan taɓa sitiyari?"

Ya ce, "Mi injin ga ka hwaɗi yanzu?"

Na ce, "Ƙara yake yi."

Ya ce, "To koma bisa. Randa kaj ji abin da shika hwaɗi, sai mu yi magana."

Haka yake koyarwa. Ba ya bayani, sai tambaya. Muna cikin tafiya zai buga rufin mota da hannu, in sunkuyo, ya ce wace taya ce ta rage iska. In na yi kuskure ba ya zagi, sai ya tsaya ya sa ni in zagaya in dudduba da kaina, fasinja suna ta tsaki. Zafin rai kam yana da shi, ban ɓoye ba. Ya taɓa sauke wani ɗan kasuwa da buhunansa a tsakiyar hanya don ya ce wa wata tsohuwa ta matsa tana wari. Ya taɓa wurga mini takalmi don na zuba ruwa a lagireto yana tafasa. Amma a zangon gaba ya raba goronsa biyu ya ba ni babban ɓarin.

Ba ya cin abinci sai mota ta sha ruwa. Ba ya tayar da inji sai ya zagaya ta yana taɓa kowace taya da ƙafa. Lokacin salla in ya yi, ko a tsakiyar daji ne, zai tsaya, kowa ya sauka, wanda ba ya salla ya miƙe ƙafa. Wannan ne mutumin da danginsa suke jin kunyar a ce nasu ne. In ya shigo gidan gado na Ƙofar Marke, inda yake da ɗaki tun na mahaifinsu, sai a janye tabarma don kada baƙin mai ya taɓa ta. Amma in ana neman wanda zai kawo kaya daga Kano a kan amana, nan kowa ya tuna yana da ƙane direba.

Akwai doka ɗaya ta hanya wadda ba a rubuta ta ko'ina ba, kuma Kawu ya fi riƙe ta fiye da komai: ba a wuce motar da ta mutu a daji. Ko ta wane ne, ko wane yare direban yake ji, ko jiya kun yi faɗa a tasha. A wancan zamanin sai ka yini ba ka ga wata mota ba. Wanda ka wuce yana iya kwana da yini ba ruwa kafin wani ya zo. Duk direban da aka ji ya wuce ɗan'uwansa, in ya shiga tasha babu mai miƙa masa hannu. Kawu yakan ce mini, "Kai dai in ka ga an buɗe gaban mota, taka birki tukuna, sannan ka tambayi ko wa ne."

Wannan dokar ce ta jawo abin da wai aka yafe masa.

Wata shekara Babbar Salla ta faɗo tsakiyar damina. Kawu Babba ya sayi yadi mai yawa a Kano don kasuwar Salla, ya haɗa mu da babban ɗansa ya raka kayan. Ɗan nan taubashina ne, muna wasa da shi tun muna yara, yana kirana ɓeran rumbu ina kiransa ɗan awo. Ya zauna gaba kusa da Kawu, ni ina sama kan tamfol. Hanyar burji ce, kuma da damina akwai shinge: in aka yi ruwa sai a rufe hanya, babu motar da za ta wuce sai ƙasa ta sha iska, don kada manyan motoci su kwaɓe ta. Saboda haka kowane direba idonsa na kan hadari. Mun wuce Gusau, mun wuce Maru, gabas ta fara haɗewa, Kawu yana ta ba ta wuta don mu tsallake shingen Talata Mafara kafin ruwa.

Sai ga mota a gefen hanya, gabanta a buɗe. Fasinja sun watsu ƙarƙashin itatuwa, mata da yara, wasu a kwance. Na ji Kawu ya sauke giya.

Taubashina ya ce, "Baba, hadari fa. Kayan Salla na muka ɗauko."

Kawu ya ce, "Na gani." Ya tsaya.

Direban Bayarabe ne, goro ya ɗauko daga kudu. Yana zaune jikin taya, ya rungume hannunsa na dama, fuskarsa ta yi toka. Motocin lokacin da ƙarfe ake wana su ta gaba kafin su tashi, in inji ya yi gardama sai ƙarfen ya dawo da baya. Haka ya dawo ya karya masa hannu, ƙashi har ya turo fata. Yaronsa ya tafi neman taimako a ƙasa tun jiya bai dawo ba. Ruwan shansu ya ƙare, sun koma shan na kududdufi. Wata mata ta nuna mini jaririnta, ko kuka ba ya iya yi.

Kawu ya sa aka sauke garwar ruwanmu. Ya yaga rawaninsa ya ɗaure hannun mutumin da ƙirare. Ya shiga injin ya yi ta fama har ya tashi. To amma wa zai tuƙa? Mai ita ba hannu. Ya tsaya yana duban motocin biyu, sannan ya dube ni.

Ya ce, "Ɗan Yaya, sauko. Shiga tamu."

Na ce, "Ni, Kawu?"

Ya ce, "Akwai wani ɗan Yaya nan wurin? Ni zan ja wagga, kai ka biyo ni. Kar ka wuce giya ta biyu. In ta yi maka gardama saurare ta, ka san maganarta yanzu."

Ranar na fara riƙe sitiyari a kan hanya. Taubashina a gefena yana ta salati, yana cewa ɓeran rumbu zai kashe shi. Muka yi ta rarrafe, Kawu a gaba yana leƙowa ta taga yana duba ni. Ruwa ya tsuge mana kafin mu kai gari. Da muka iso, mai gadi ya riga ya saukar da shinge. Aka kai Bayaraben wurin mai ɗori, aka sama wa matan nan masauki da kunu. Jaririn ya rayu, na ga uwarsa tana ba shi nono washegari.

Ruwa kuwa ya ƙi ɗaukewa. Yau a ce gobe za a buɗe, gobe a sake tafka wani. Daga baya ma aka ce wata kwalbati ta karye a gaba. A Talata Mafara muka yi Idi da kayan jikinmu. Sai bayan Salla muka shigo Sakkwato, lokacin kowa ya riga ya ɗinka abin da zai ɗinka a wurin wasu.

Ban ce Kawu Babba bai yi hasara ba. Ya yi, kuma ta yi masa ciwo. Amma yadin nan ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba, don ni da Kawu muka yi ta gyaran tamfol cikin ruwa, kuma a hankali ya sayar da abinsa kafin shekara ta zagayo. Kada kuma wani ya ce bai san abin da ya faru ba. Ya sani sarai. A zauren gidan gado, gaban dattawa, Kawu ya durƙusa ya faɗa masa komai, har karayar hannun, har jaririn.

Kawu Babba ya ce, "Bayaraben nan uwarku ɗaya?"

Kawu ya ce, "A'a, Yaya."

"To ni da shi wa af ɗan'uwanka?"

"Kai na, Yaya. Amma kai kana gida, shi yana daji."

Kawu Babba ya ce wannan ita ce maganar 'yan tasha, marasa asali, kuma tunda tasha ta fi masa gidan ubansa, to ya kwashe tsummokaransa ya koma can. Dattawan nan duk suka sunkuyar da kai. Ba wanda ya ce kanzil, don kowannensu yana cin arziki a rumfar yadinsa. Taubashina yana raɓe a bakin ƙofa, shi da ya ga ƙashin nan da idonsa, shi da ya riƙe wa matar nan buta. Na ce masa, "Ɗan awo, buɗe baki mana." Ya dubi ƙasa yana wasa da yatsun ƙafa. Tun ranar wasan taubasantaka ya mutu tsakaninmu.

Ni na ɗauko gadon Kawu a ka daga Ƙofar Marke zuwa Ƙofar Kware, matarsa tana biye da tukwane tana share hawaye. Ɗakin da aka haife shi aka mayar wurin ajiyar yadi. Ina tafe ina zage-zage, shi kuwa ya ce in yi hankali da ƙafar gadon, ta ɗan yi sako-sako.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne bai daina zuwa gaisuwa ba. Duk Juma'ar da muke gari, sai ya wanke hannu da toka har ya yi ja, ya sa farar riga, ya je rumfar wansa ya durƙusa. Kawu Babba ya amsa da hanci yana ci gaba da awo. Ko zauna bai taɓa ce masa ba. Aka yi bikin 'ya'yan gidan, ba a kai masa goro ba. Na ce masa, "Kawu, don Allah mi kake nema wurin mutumen ga?" Ya ce, "Wana na. In na bari, wa za ya gaishe shi da sunan da uwarmu ka kiranai?" Sai ya ce in je in duba man mota.

Ni kuwa ya ci gaba da gyara ni. Bayan tafiyar nan ya koma da ni kan lodi, wai kada kaina ya kumbura. Sannu a hankali ya riƙa ba ni sitiyari a miƙaƙƙiyar hanya, sannan a gangara, sannan a hawa, shi da kansa yana bina da waigi a hannu, dattijo da furfura, 'yan tasha suna kallo. Ya kai ni na yi lasin. Ranar da aka ba ni mota tawa in tuƙa, ya zagaya ta ya taɓa tayoyin da ƙafa, ya ce ta baya ta hagu ba ta yi masa ba. Albarkar da ya sa mini ke nan, kuma na gane ta.

Ranar samun mulkin kai muna hanya, motata na bin tasa. A Gusau 'yan makaranta suka maƙala mana ƙananan tutoci a gaban mota, ana ta kiɗa. Na ce, "Kawu, yau ƙasa ta zama tamu." Ya ce to madalla, Allah shi sa masu ita su tuna da kwalbatin Talata Mafara. Tutar kuwa ya bar ta a wurin har rana ta cinye launinta.

Ba a daɗe ba ƙirji ya kama shi. Shekarun ƙura da hayaƙin inji suka taru suka kwantar da shi, yana tari har da jini. Direbobi suna ta zuwa, wani da madara, wani da zuma, wani daga Ilori ma ya aiko da goro. Daga Ƙofar Marke ko yaro ba a turo ba. Da safiyar ranar da zai rasu ya ce in je in kira masa wansa. Na tafi da gudu. Na iske rumfa cike da masu saye. Na durƙusa na ce, "Kawu, ƙanenka na kiranka, jikin ya yi tsanani." Bai ɗago ba. Ya ce, "Sai an tashi kasuwa."

Na koma ni kaɗai. Kawu ya dubi bayana, ya ga ba kowa, ya gane. Nan ne ya kama hannuna ya ba ni saƙon. Kafin la'asar ya cika.

Aka yi sadakar uku, saƙon yana cikina. Na ce a raina ba zan kai ba. Mutumin da ya kori ƙanensa daga ɗakin ubansa, ya bar shi yana durƙuso shekara da shekaru, ya ƙi taka ƙafa ya gan shi yana mutuwa, sannan ya tashi gaban gawa yana karɓar madalla, shi zan kai wa yafiya har rumfa kyauta? Matar Kawu ce ta tare ni a tsakar gida, tana cikin takaba. Ta ji lokacin da aka ba ni saƙon. Ta ce, "Ka kai?" Na ce ban kai ba. Ta ce, "Kaya nai na, ba naka ba. Ka taɓa ganin ya riƙe kayan mutane don yana hushi da mai su?"

Na tafi. Na iske Kawu Babba shi da taubashina, ba masu saye. Na gaishe shi, ban zauna ba.

Na ce, "Kawu, ƙanenka ya ba ni saƙo kafin shi cika. Ya ce in ce maka ya yahe maka."

Ya ajiye almakashi. Ya ce, "Shi ya yahe min? Mi niy yi mai?"

Bakina ya cika da amsa, tun daga zauren gidan gado har ƙafar gadon nan. Na danne. Na ce, "Ya ce kar in ƙara komi bisa."

Ya shafa yadin da ke gabansa. Can ya ce, "Yaushe yaf faɗi haka?"

"Randa ya aike ni in kira ka."

"Ai na zo."

Na ce, "Ka zo, Kawu. Ka iske an ɗaure mai haɓa."

Taubashina ya tashi ya fita ta bayan rumfa.  Tsohon ya ɗauki almakashin, ya sake ajiyewa. Ya kira sunan ƙanensa na yarinta, wanda ban taɓa ji a bakinsa ba, a hankali, sau ɗaya. Babu mai amsawa. Na juya na bar shi a nan.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa makwanci, ya tsaya masa yadda ya tsaya wa bayinsa a daji. Kayansa na kai, ban rage ba ban ƙara ba. Nawa kuwa, Allah ya sani, ban yafe ba tukuna.